Tautau a Cikin Sif

Jama'a, kafin kowa ya fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in faɗa da bakina: eh, ina kiwon tautau. Ba kaza ba, ba kanari ba, tautau. Irin manyan nan masu gashi, da in suka miƙe ƙafa sai su cika tafin hannu. Wadda za ta ce "Allah ya shirye ki, Mardiya," na ce amin tun yanzu, sai ki gyara zama ki ji yadda aka yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni 'yar Gusau ce, ina karatu a nan Alƙahira. A Abbasiya muke zaune, hawa na uku, ni da yayana Abdurrahim mai yin digiri na uku, da 'yata Humaira mai shekara bakwai. Babanta Sulaimanu ya rasu tana 'yar shekara uku, Allah ya jiƙansa. Tun daga nan yarinyar nan ta zama mai tsadar magana. Ka tambaye ta abu goma, ta ba ka amsar ɗaya, da kai. Malamarsu ta taɓa kirana ta ce, "Ya madam, 'yarki tana jin Larabci kuwa?" Na ce tana ji sarai, Hausar ma haka take yi mana rowarta.

To shi ne wata Juma'a na ce bari in kai ta kasuwar tsuntsaye ta Sayyida A'isha in saya mata kanari, ko gidan ya samu mai surutu. Muna ta kutsawa cikin tattabaru da zomaye, sai na waiga ban ga Humaira ba. Can na hango ta tsugune gaban wani tsoho, ta manna hanci a jikin wani akwatin roba garai-garai. Na leƙa, na ga abu ya yi lamo a kan ƙasa, launin toka da ɗan ja-ja a baya. Wallahi saura kaɗan in zubar da jakata.

"Humaira, tashi mu tafi! Yalla!"

Ko motsi ba ta yi ba. Ba ta ma dube ni ba ta ce, "Umma, ita ma ba ta magana. Kuma ba wanda yake ce mata ta yi."

Ku faɗa min, wace uwa ce za ta ji wannan ta ja hannun 'yarta ta wuce? Rabon da in ji jimla biyu a jere daga bakinta har na manta. Haka na dawo gida a cikin jirgin ƙasa na metro, rungume da akwati cikin baƙar leda, ina addu'ar kada wata ta ce in buɗe. Yaya Abdurrahim ya leƙa sau ɗaya, ya ja da baya, ya ce in dai za mu ciyar da ita ba mu cutar da ita ba, shi ba ruwansa, amma kada ya kuskura ya gan ta a falo. Humaira ta raɗa mata suna Hajiya Shiru, don tsohon ya ce mace ce.

Kiwon ba wuya, sai dai dokoki kamar gidan soja. Wasu tsohon ya gaya min, wasu na tono su a intanet. Ba a ɗaukarta a hannu, don in ta faɗo cikinta fashewa yake kamar ƙwai, kuma in ta ji haushi gashin bayanta take karkaɗowa, ga shi da ƙaiƙayi. Saboda haka dokar Humaira ta farko, ido ne naki, hannu ba naki ba. Ruwanta a murfin kwalba. Abincinta gyare da tsutsa daga wajen mai tsuntsaye, kuma sai ta yi sati biyu ba ta kalle su ba, ni ina ta damuwa ita ko a jikinta. Kyankyasan gidanmu kuwa, duk da Allah ya hore mana su, an hana, don sun sha maganin da mai gadi yake fesawa. Babbar doka ita ce ta ƙarshe: ba fiya-fiya, ba feshin turare, ba hayaƙi. Tsohon har da ɗaga yatsa, ya ce hayaƙi ajalinta ne.

Ni Mardiya, da ko shago zan sauka sai na tsuguna kan kasko, na daina turaren wuta a ɗakina. In wannan ba soyayyar uwa ba ce, ban san mece ce ba. Amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kullum bayan la'asar Humaira za ta duba ruwa, ta zauna gaban akwatin tana ba Hajiya labarin makaranta ƙasa-ƙasa. Ni kuma in laɓe a bakin ƙofa ina kwasar rabona.

Ana haka Gwaggo Hawwa, yayar babanmu, ta sauka daga Gusau za a yi mata aikin gwiwa. Gwaggo mace ce da in ta shigo gida, gidan ya zama nata har da makullan. Tun kafin jirginta ya sauka na tura akwatin Hajiya can ƙasan sif ɗin kayana, na yafa masa tsohon zani, na bar ƙofar sif ɗin a ɗan buɗe don iska. Kwana kaɗan da zuwanta, zafin Masar ya feso wa Humaira ƙuraje a wuya. Gwaggo ta kama haɓarta ta juya, ta yi tsaki.

"Wannan fitsarin tautau ne. Akwai tautau a gidan nan."

Shayin da nake sha ya sarƙe ni. Yaya ya miƙe ya ce ya tuna yana da darasi.

A asibitin Gwaggo ne Zainulabideen ya shigo labarin. Ɗan Sakkwato ne, yana digiri na biyu, yana zaune a unguwar Darrasa, kuma shi ne tafintan da ke kai marasa lafiyarmu wajen likitoci. Dogo ne, baƙi, da ɗan saje, kaftaninsa kullum da karin guga kamar yanzu aka ciro daga leda. Ba ya gaggawa a komai. Na ga ranar da wani direban tasi ya yi ta yi masa ihu, shi kuwa yana cewa "Ma'alish, ya basha," wato yi haƙuri ranka ya daɗe, har mutumin ya gaji ya ba shi haƙuri. Gwaggo tana kan gadon asibiti, ƙafa a naɗe, amma ta gama binciko sunan kakansa. Ni kuma, to, ba sai na yi muku ƙarya ba. Na fara duba wayata fiye da kima.

Ga irin saƙonninsa:

"Assalamu alaikum, Malama Mardiya. Ya ƙafar Gwaggo?"

"Da sauƙi, Ustaz."

"Ya mai jinyar? Ita wa yake duba ta?"

Sai in kifa wayar a ƙirji ina murmushi kamar sakarya. Amma kullum a ƙarshe zai rubuta, "A gaida yarinya." Yarinya. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ganinta ba sai daga nesa. Ni kuma tsoro ya hana ni tambayarsa inda ya ajiye ta a lissafinsa.

Gwaggo ce ta yi min lissafin. Wata safiya ina shafa mata man zafi ta ce, "Ke 'yar nan, saurayi ne fa, bai taɓa aure ba. Ba za ki shiga gidansa da agola a hannu ba. In zan koma, da Humaira zan tafi, in miƙa ta ga kakarta, uwar Sulaimanu. Dama sun daɗe suna tambaya."

"Gwaggo, ba ta san kowa a can ba."

"Za ta sani. Mu da aka yaye mu a gidan kakanni mun mutu ne? Kawo fasfonta in ajiye a wajena, ke ba ki da adana."

Na san abin da ake nufi da ajiyar. Amma yayar uba ce, a gabanta ko babanmu ba ya ɗaga murya. Na ɗauko na ba ta, ina kallo ta zura shi cikin jakarta ta hannu ta ja zif. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Aka sa Asabar bayan la'asar Zainulabideen zai zo gida zance, zuwan farko na sosai. Tun safe Gwaggo take ba da umarni daga kan kujera da sandarta. Aka haɗa zoɓo da citta, aka sayo basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa, aka fito da dambun naman da ta zo da shi take ɓoyo. Maƙwabciyarmu ta sama, Mahasin, 'yar Sudan ce amma kakanninta Hausawa ne, ita ta zana min lalle, ta kuma kawo turaren wutarta na sandal, wanda in aka saka a hawa na huɗu sai an ji a titi. Na saka leshina ruwan zuma da gyale mai duwatsu, na ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya zauna.

"Yarinyar ta hau sama wajen Mahasin," in ji Gwaggo. "Kada ta sauko sai baƙo ya tafi."

Humaira ta dube ni. Na kau da kai na ce ta je, ba daɗewa za a yi ba. Ta hau, ni kuwa kunyar kaina ta kama ni.

Ya iso cikin farar shadda da hula zanna, da ledar mangwaro a hannu. Yaya ya shigo da shi, suka gaisa, sannan ya ce bari ya leƙa kanti, irin leƙawar da yayye suke yi. Muna zama aka ɗauke wuta, don a bana Masar ma ta koyi halin gida. Fanka ta tsaya. Gwaggo ta gama zagaya falo da kasko, ta wuce ciki tana dogara sanda tana mita: "Ɗakin mace ba ƙamshi, sai ka ce ɗakin gwauro." Na ji ta da kunnena, amma hankalina yana kan mutumin da ke gabana, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ban sani ba shi ne, da Gwaggo ta rasa kabbasar turara kaya, sai ta yi dabarar da kowace mace ta sani. Ta ƙara garwashi, ta zuba sandal ɗin Mahasin da hannu sake, ta zura kaskon cikin sif ɗina, ta mayar da ƙofofin ta rufe ruf. Sannan ta dawo ta zauna a bakin falo da carbinta, wai ba ta jin me muke cewa.

Zainulabideen ya juya kofin zoɓo a hannunsa ya ce, "Malama Mardiya, akwai maganar da ya kamata mu yi tun yanzu. Maganar yarinya."

Kafin in buɗe baki, mai carbi ta amsa daga bakin ƙofa: "Yarinya ai da ni za ta koma, ɗana. An gama wannan."

Ya sunkuyar da kai yana kallon kofin. Bai ce to ba, amma bai ce a'a ba. Shirun nan ya yi min ciwo fiye da in ya zage ni.

Sai muka ji ihu daga ɗakina.

"UMMA!"

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Ashe lokacin duba ruwan Hajiya ne ya yi, Humaira ta faki idon Mahasin ta sulalo ta ƙofar kicin. Sai ga ta a falo, ba ɗankwali, tana tari, hawaye shaɓe-shaɓe, rungume da akwatin. Hayaƙi na fita ta hujojin murfin. A ciki Hajiya Shiru ta takure, ta fara naɗe ƙafafunta ƙarƙashin ciki, kuma na karanta abin da wannan yake nufi.

Jama'a, Ustaz Zainulabideen, mai natsuwar nan, wanda direban tasi bai girgiza shi ba, ban ga lokacin da ya hau kan kujera ba. Da takalmin ƙafarsa, da shaddarsa. Hular ta faɗo ta gangara ƙarƙashin tebur.

"A'uzu billahi! Mene ne wannan? Malama Mardiya, mene ne wannan?"

"Ban faɗa ba!" in ji Gwaggo, ta manta da gwiwa ta miƙe tsaye da silifa a hannu. "Ban ce akwai tautau a gidan nan ba? Kawo shi nan in murƙushe ɗan banza!"

Na tare gabanta ina "Gwaggo, don Allah, Gwaggo, tsaya." Falon ma duk hayaƙi ne, ga ba fanka. Ƙofar balakona, wato barandarmu, kaɗai ce mafita, sakatarta kuma tana can sama, ta yi tsatsa, Yaya ne kawai yake iya zare ta. Humaira ta dubi sakatar, ta dubi mutumin da ya fi kowa tsawo a ɗakin, ga shi ma a kan kujera. Ta wuce ni, ta wuce Gwaggo, ta je gabansa ta ɗaga masa akwatin, ta kira shi yadda yaran Masar ke kiran baffa.

"Ammu, ka buɗe mana. Ba ta numfashi."

Ya dubi abin da ke cikin akwatin, ya runtse ido, ya buɗe ya dubi fuskar yarinyar. Sai ya sauko. Ya je ya doki sakatar da tafin hannu har sau biyu ta zare. Humaira ta yi ƙoƙarin ɗora akwatin kan tebur ɗin balakona, ya kusa suɓuce mata. Shi ya tare. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya miƙar da su can nesa da jikinsa, ya kau da fuska gefe, leɓɓansa na motsi. Ina jin duk addu'ar da ya haddace tun daga makarantar allo sai da ya karanto ta.

"Sai me kuma?" ya tambaya, ba ni ba, ita.

"A ɗaga murfin kaɗan. Umma ce take ɗagawa. Kai ka yi mata fifita."

Na ɗaga murfin. Ya koma ya laluɓo hularsa, zanna mai tsada, ya tsuguna daga ɗan nesa yana fifita tautau da ita, gumi na ɗiga daga sajensa.

"Tana da suna?"

"Hajiya Shiru."

"To. Hajiya, ki yi haƙuri, ba da gangan aka yi ba."

Daga nan bakin Humaira ya buɗe kamar famfo. Ta gaya masa gyare take ci, ba ta son a taɓa ta, idonta takwas amma ba ta gani sosai, kuma in ya ga ta kwanta rigingine kada ya tsorata, riga take sakewa. Yana ta "Allah ko?" yana fifita. Ina tsaye a bayansu, kwallina duk ya zubo kan lallen Mahasin. Can sai ƙafa ɗaya ta miƙe a hankali, wata ta biyo ta. Hajiya ta ja jiki, ta ja jiki, har ta kifa kan murfin ruwanta.

Ya miƙe, ya kifa hular a karkace, ya ce, "To, ni zan wuce." Ko zoɓonsa bai ƙarasa ba. Ina jin takunsa a matakala, bibbiyu yake haɗawa.

Gwaggo ta zauna daɓas. "Shi ke nan. Khalas, in ji ku. Kin kashe aurenki da hannunki, a kan ƙwaro. Miji kamar wannan! Laraba jirgina, ki haɗa mata kayanta, ko Allah zai sa a samu mai kwasar ki nan gaba."

Na shige ɗaki na buɗe tagogi, na zauna bakin gado da leshina ina kuka marar sauti. Humaira tana balakona tana gadin majinyaciyarta. Bayan sallar magariba wayata ta yi ƙara.

"Ya jikin Hajiya?"

"Ta sha ruwa, Ustaz."

"Alhamdu lillah. Ni kuwa tun ina yaro ba na kwana ɗakin da aka ga tautau. Don Allah kada labarin kujerar nan ya kai Darrasa."

Na yi dariya cikin hawaye. Na rubuta "Ma'alish," na ga yana ta rubutu yana gogewa.

"Zan gaya miki gaskiya. Da niyyar karɓar shawarar Gwaggo na zo. Na ga kamar ita ce mafi sauƙi ga kowa, ban da wadda ba a tambaya ba."

Sai ga wani saƙon ya biyo baya.

"Ki tambayar min Humaira. Gidan da na gani ɗaki biyu ne, nata tagarsa gabas take kallo, rana na shiga da safe. Hajiya tana son rana, ko in sa labule? Sharaɗina ɗaya ne: a sa wa murfin nan kwaɗo."

Humaira. Na karanta sunan ya fi a ƙirga. Sannan na goge fuskata da gefen gyale, na miƙe na nufi ɗakin Gwaggo.

Na same ta kan sallaya, ƙafa a miƙe, jakar hannunta a cinya, waya a kunne. Tana ganina ta ce, "Yauwa, ga ta nan ma, Hajiya, gaya mata da bakinki." Ta miƙo min wayar. "Kakar Humaira ce. Har ta sa an share mata ɗaki."

Tsoron Gwaggo yana nan bai bar ni ba. Amma ɗazun nan na ga mutum ya sauko daga kan kujera. Na durƙusa, na karɓi wayar da hannun dama, ina jin muryar tsohuwar tana "Mardiya? Mardiya, kina jina?" Ɗaya hannun kuma na shimfiɗa shi a gaban Gwaggo.

"Ina jin ki, Hajiya, ina wuni. Ɗan ba ni minti ɗaya." Na ɗago na dubi yayar babana cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. "Gwaggo, fasfon 'yata."